Tambaya kan alawar tanghulu: me ya sa sukarina yake yin ɗanko maimakon ya yi ƙaras-ƙaras?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'abota wannan zaure. Ina neman taimakon waɗanda suka san kan dafa sukari, domin akwai abin da ya gagare ni har sau uku, kuma ba na so in sake ɗora tukunya ba tare da na gane inda matsalar take ba. 'Ya'yana sun ga bidiyon alawar nan ta ƙasar Sin da ake kira tanghulu, wadda ake jera 'ya'yan itatuwa a tsinke, a tsoma su cikin narkakken sukari, su fito suna ƙyalli kamar an lulluɓe su da gilashi. Tun daga ranar suka hana ni sakat, ni kuma na ɗauka cewa abin da ba ya buƙatar komai sai sukari da ruwa ba zai ba ni wahala ba.

A karo na farko na zuba kofi 2 na sukari da kofi 1 na ruwa, na bar shi ya tafasa kamar minti 6, da na ga ya yi kauri sai na fara tsomawa. Abin da ya fito ya yi kyau a ido, amma bai bushe ba, ya riƙa manne wa haƙora yana jan zare. A karo na biyu na ce ƙila rashin juyawa ne, saboda haka na tsaya a kansa da cokali ina ta gaurayawa, sai kawai na ga ya yi fari ya dunƙule ya koma kamar jiƙaƙƙen yashi. A karo na uku na ƙara masa lokaci, ya ɗan yi ƙarfi, na yi murna na jera shi a faranti na sa a firji domin yara su ci da safe. Da gari ya waye na tarar sukarin ya narke ya kwanta a ƙasan farantin, 'ya'yan itatuwan kuma sun yi laushi sun saki ruwa. Na yi amfani da inabi da sitiroberi da yankakkiyar abarba.

Ina so in san ko gwargwadon sukari da ruwan ne bai yi daidai ba, ko kuwa lokacin dahuwar ne. Sannan ina so in san yadda ake ajiye shi ya kwana, domin ina da baƙi a ƙarshen mako kuma na fi son in gama aikina tun daren jajibiri. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Kimiyya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Gwargwadonki ba shi da laifi ko kaɗan, kuma ina so ki cire agogo daga lissafinki gaba ɗaya, domin minti 6 a kan murhunki ba minti 6 ba ne a kan nawa, balle faɗin tukunya da yawan abin da aka zuba. Abin da ake bi shi ne zafin da sukarin ya kai. Ruwan da kika zuba amfaninsa ɗaya ne, wato ya narkar da ƙwayoyin sukarin, daga nan kuma duk dahuwar da ake yi ta korar ruwan ce. Duk lokacin da ruwan ya ragu, zafin tafasar yana ƙaruwa, saboda haka ma'aunin zafi yana gaya miki ne nawa ya saura na ruwa a cikin tukunyar. A wajen digiri 112 zuwa 116 na ma'aunin Salshiyas sukari ya kai kusan kashi 85 cikin ɗari, kuma idan ya huce laushi zai yi. Daga digiri 132 zuwa 143 ya kai kusan kashi 95, zai yi ƙarfi amma yana lanƙwasawa yana kama haƙori, kuma ina kyautata zaton a nan ko ƙasa da nan kika tsaya a karonki na farko. Inda tanghulu yake so shi ne digiri 149 zuwa 154, lokacin da ruwan da ya rage bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba. A nan ne kawai yake daskarewa ya zama kamar gilashi. Idan ya wuce digiri 160 sai ya fara yin ruwan ƙasa, ɗanɗanonsa ya canja, kuma idan aka ƙara sakaci ya yi ɗaci.

Abin da yake yaudarar mutane shi ne yadda zafin yake tafiya. Zai daɗe yana jan ƙafa tsakanin digiri 105 da 115 har mutum ya gaji ya ɗauka ya nuna, amma da zarar ya haye 130 sai ya riƙa gudu, ta yadda juya baya na minti ɗaya ya isa ya ƙone. Idan kina da ma'aunin zafi na alawa, ki fara gwada shi a tafasasshen ruwa ki ga abin da ya nuna. A daidai gaɓar teku ruwa yana tafasa a digiri 100, amma yana raguwa da kusan digiri 1 a duk hawan mita 300, don haka idan naki ya nuna 98, sai ki rage 2 daga adadin da kike nema. Kada kuma bakin ma'aunin ya taɓa gindin tukunya, domin zafin ƙarfen zai ba ki, ba na sukarin ba.

Idan babu ma'auni, kofin ruwan sanyi ya wadatar, kuma da shi masu wannan sana'a suka daɗe suna aiki. Ki ɗiga sukarin a ciki, ki jira daƙiƙa kaɗan, ki ciro ki karya. Idan ya lanƙwasa, da saura. Idan ya karye ɓaras, sai ki tauna shi, domin haƙori ya fi yatsa faɗin gaskiya: wanda ya nuna yana farfashewa ne ba tare da ya liƙe ba.

Shi kuwa abin da ya same ki a karo na biyu, cokalin ne ya jawo shi. Narkakken sukari mai kauri kullum neman hanyar komawa ƙwaya yake yi, kuma ƙwaya ɗaya da ta faɗo daga gefen tukunya, ko motsin cokali, ya isa ya sa sauran su bi sahu cikin ƙiftawar ido. Ki juya shi kafin ya tafasa idan kina so, amma da ya fara tafasa ki janye hannunki. Ki rufe tukunyar na minti 2 a farkon tafasar domin tururi ya wanke gefenta, ko ki goge gefen da jiƙaƙƙen buroshi. Wasu suna ƙara ɗigon ruwan lemon tsami, kuma akwai hujja a kan haka, domin tsami yana raba wani ɓangare na sukarin zuwa wasu nau'o'in sukari biyu da ake kira gulukos da furuktos, su kuma suna hana ƙwayoyin haɗuwa. Sai dai ki yi hattara da yawansa, saboda furuktos yana jan danshi daga iska fiye da sukarin da muka sani, kuma wanda ya cika lemon zai gudu daga yashi ya faɗa cikin ɗanko. Rabin ƙaramin cokali ya ishi kofi 2 na sukari, ni kuwa sau da yawa ba na sawa ma.

Uwar Girki ta rubuta:

Malam ya gama magana a kan tukunya, Allah ya ƙara basira, amma ni a ganina rabin matsalar 'yar uwata tana kan faranti ne tun kafin ta kunna wuta. Yankakkiyar abarba ba ta dace da wannan aiki ba. Duk ɗan itacen da wuƙa ta buɗe cikinsa zai riƙa tsattsafo da ruwa, kuma sukari mai zafin digiri 150 yana ƙara fito da ruwan, sai ya zama ana narkar da rufin daga ciki komai kyan dahuwarsa. Ki nemi waɗanda fatarsu take a rufe: inabi marar ƙwallo, sitiroberi mai ƙarfi wanda bai nuna lugub ba, ƙananan tumatir, ko ɓangarorin lemon zaƙi ƙanana waɗanda aka ɓare a hankali ba tare da an yaga siririyar fatarsu ba. Ni na fi son koren inabi mai ɗan tsami, domin sukari a kan abu mai zaƙi yana gundura tun a cizo na biyu.

Bayan kin wanke su, ki goge kowanne da tsumma mai tsabta, sannan ki baza su su sha iska na aƙalla rabin awa. Sitiroberi yana ɓoye ruwa a ƙarƙashin ganyensa, don haka ki duba wurin sosai, kuma idan za ki cire ganyen ki tsinke shi da hannu, kada ki yanke kan. Kada ki ciro su daga firji ki tsoma nan take, domin abu mai sanyi yana yin raɓa da zarar ya haɗu da iskar ɗaki, kuma wannan raɓar da ido ba ya gani sosai tana hana sukari kamawa. Kada kuma ki cika tsinken. Guda 2 ko 3 a ƙarshen tsinke sun fi sauƙin juyawa, kuma ki soke su sau ɗaya tak, saboda kowace huda ƙofar ruwa ce.

Wajen tsomawa, ƙaramar tukunya mai zurfi da kauri ta fi faffaɗa. Da sukarin ya nuna ki rage wutar zuwa ƙarshe ko ki kashe, ki karkata tukunyar domin ya taru a gefe ɗaya, ki mirgina tsinken sau ɗaya a cikinsa, ki ɗaga ki bar rarar ta zuba. Daƙiƙa 2 ko 3 sun isa. Mai komawa ya sake tsomawa yana samun rufi mai kauri wanda yake wahalar da haƙori, kuma yana dafa ɗan itacen a banza. Kyan tanghulu rufin ya zama siriri har a riƙa ganin launin abin da yake ciki. Ki tabbatar komai yana kusa da hannunki kafin ki fara, domin mintuna kaɗan ne kike da su kafin sukarin ya yi kauri, kuma idan ya yi, ɗan ɗumama shi a wuta kaɗan yana dawo da shi sau ɗaya ko biyu kafin launinsa ya fara duhu.

A bidiyo za ki ga ana jefa tsinken cikin ruwan ƙanƙara bayan an tsoma. Na gwada hanyoyin biyu, kuma ra'ayina shi ne idan sukari ya nuna ba ya buƙatar wannan, domin da kansa yake daskarewa cikin minti 1 ko 2 a kan takardar da ake shimfiɗawa wajen gasa kek ko tire da aka ɗan shafa wa mai. Ruwan ƙanƙara yana da amfani ɗaya da na yarda da shi, wato yana tsayar da zafin kafin ya dafa sitiroberi, amma yana barin jiƙa a jikin alawar, kuma idan sukarin bai nuna ba yana ba shi ƙarfin ƙarya na ɗan lokaci wanda zai saki kafin a kai shi baki. Idan za ki yi, tsomawa ɗaya ki cire, kuma a ci nan take.

Maman Biyu ta rubuta:

Malam da Yaya, na gode ƙwarai, yanzu na ga kurakuraina guda biyu a fili. Amma har yanzu ba a taɓa maganar ajiya ba, kuma ita ce ta fi damuna. Ina mamakin yadda masu sayar da shi a ƙasar Sin suke yini da shi a titi bai narke ba, ni kuwa nawa ko a firji bai kai safe ba.

Ɗalibin Bejin ya rubuta:

Hajiya, barka da ƙoƙari. Na yi karatu a arewacin ƙasar Sin, kuma amsar tambayarki tana cikin abubuwa biyu da bidiyo ba ya nunawa, wato yanayi da irin ɗan itacen. Tanghulu abin lokacin sanyi ne a can. A watan Janairu matsakaicin zafin birnin Bejin yana ƙasa da sifili, iskar kuma a bushe take ƙayau, saboda haka mai talla yana iya soke tsinkayensa a jikin dunƙulen ciyawar da ya ɗaura a kan sanda ko a bayan keke, ya yi ta yawo ba tare da sun yi komai ba. Firji yana da sanyi amma ba irin wannan ba ne, domin cikinsa akwai danshi, kuma da kin fito da farantin raɓa za ta sauka a kan sukarin ta fara cinye shi. A yanzu ana samun tanghulu a shaguna a wasu lokutan shekara, amma a titi da sanyi aka san shi.

Abu na biyu shi ne asalin tanghulu ba da sitiroberi ake yin sa ba. Ana yin sa ne da wani ɗan itace ja da suke kira shanja, mai kama da ƙaramar tuffa, wanda naman cikinsa yake da ƙarfi da ƙarancin ruwa, ga kuma tsami mai sa mutum ya runtse ido. Wannan tsamin shi ne dalilin sukarin tun farko, kuma ƙarancin ruwan shi ne yake sa rufin ya daɗe. Sukan cire ƙwallayen ciki, wani lokaci su cusa markaɗaɗɗen jan wake mai zaƙi a gurbinsu, wasu kuma su barbaɗa riɗi. Masu yin sa ta hanyar gargajiya suna ɗora tsinken a kan jiƙaƙƙen katako su ɗan ja shi, shi ya sa za ki ga gefe ɗaya a shafe da wani siririn fiffiken sukari a samansa, wanda yara suke fara karyewa su ci. Sitiroberi da inabi da lemo sun shigo ne daga baya, kuma su ne suka yi tashe a Koriya ta Kudu a shekarar 2023, daga nan bidiyoyin suka cika TikTok.

Sunan ma yana da ma'ana. Kalmar tang tana nufin sukari, hulu kuma gora ce ta duma, domin idan aka jera ƙwallaye biyu a tsinke suna kama da gora mai ƙugu. A Bejin an fi cewa bingtanghulu, saboda da dunƙulallen sukari mai kama da ƙanƙara ake yin sa. Akwai labarin da suke bayarwa cewa a zamanin daular Song, lokacin sarki Guangzong wanda ya yi mulki daga 1189 zuwa 1194, wata matarsa ta yi rashin lafiya ta kasa cin abinci, sai wani mai magani ya ce a dafa mata shanja da sukari ta riƙa ci kafin abinci, ta kuwa warke. Su kansu a matsayin almara suke ba da shi, ni ma haka na kawo shi.

Saboda haka shawarata ita ce ki haƙura da maganar daren jajibiri. Abin da za ki iya yi tun da wuri shi ne wankewa da busarwa da auna sukari da shirya tire. Dafawar kuwa ki bar ta sai baƙi sun kusa, domin da 'ya'yan itatuwa masu ruwa abin da ya fi shi ne a ci cikin awa ɗaya. Idan kuma ranar ta zo da ruwan sama, iska ta yi nauyi da danshi, lokacin zai ƙara gajarta.

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

Hajiya, tunda kin ambaci yara, ba zan iya wucewa ban yi magana ba. Sukari mai zafin digiri 150 ya fi tafasasshen ruwa haɗari nesa ba kusa ba, domin ya fi shi zafi, kuma idan ya zuba a fata ba ya gangarewa, liƙewa yake yi ya ci gaba da ƙonawa. A shekarar 2024 likitocin wani asibitin yara da ke birnin Boston na Amurka sun yi gargaɗi a kan wannan alawa musamman, saboda yaran da suke ƙonewa wajen kwaikwayon bidiyon da ake narkar da sukarin a na'urar maikirowef. Ki guji wannan hanyar, domin ba a ganin zafin da ya kai, kofin roba yana iya narkewa, kuma wajen ciro shi ne yake kifewa a hannu.

Yara su taya ki wankewa da jerawa a tsinke, amma su fita daga kicin kafin ki ɗora tukunya. Ki juya mariƙin tukunyar ya kalli ciki, kuma ki ajiye kwanon ruwa mai sanyi kusa da ke. Idan tsautsayi ya faru, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai gudu, mai sanyi amma ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, kuma kada a shafa mai ko man goge baki. Kada a ɓamɓare sukarin da ya liƙe da ƙarfi, ruwan zai narkar da shi a hankali. Idan ƙunar ta yi zurfi ko faɗi, ko ta shafi fuska ko hannu, ko kuma ƙaramin yaro ne, a tafi asibiti. Sannan ki datse tsinin tsinken kafin ki miƙa wa yaro, kuma inabi guda mai rufin sukari bai dace da ƙananan yara ba saboda yana iya shaƙe su.

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, na dawo da labari kamar yadda ya kamata. Jiya da yamma na yi gwaji kafin ranar baƙi, da kofi 1 na sukari da rabin kofi na ruwa, da koren inabi da ɓangarorin lemo kawai. Ba ni da ma'aunin zafi, don haka na bi hanyar kofin ruwan sanyi. Sau huɗu ina gwadawa yana lanƙwasawa, har zuciyata ta fara raya mini in sauke, sai na tuna maganar Malam na daure. A na biyar ya karye, na tauna na ji bai kama haƙori ba, kuma a lokacin kumfar ta zama ƙanana masu nauyi, launin ya ɗan juya zuwa ruwan zuma mai haske. Tsinkaye 8 na yi. Shida na farko sun fito yadda nake gani a bidiyo, har ƙarar cizon ana ji daga ɗaya gefen ɗakin, biyun ƙarshe kuwa sun yi kauri domin na yi jinkiri sukarin ya fara hucewa. Ban sa a ruwan ƙanƙara ba, Yaya, kuma ban ga buƙatarsa ba.

Na ajiye tsinke ɗaya a gefe da gangan domin in ga iyakarsa. Bayan awa ɗaya yana nan lafiya, bayan awa 3 ya fara damshi a wajen hudar tsinken, don haka na yarda da maganar ɗan uwanmu na Bejin, ranar baƙi sai sun zauna zan ɗora tukunya. Saura tambaya ɗaya ƙarama: ragowar sukarin ya daskare a gindin tukunyar kamar dutse, kuma ina tsoron kankare shi da cokali.

Uwar Girki ta rubuta:

Kada ki kankare, 'yar uwa, za ki ɓata tukunyarki a banza. Ki cika ta da ruwa har ya rufe inda sukarin ya kai, ki jefa cokalin a ciki, ki mayar da ita kan wuta ta tafasa na wasu mintuna, zai narke da kansa ya bi ruwan. Ranar baƙi kuma ki raba aikin gida biyu, ki dafa kofi 1 ki gama da shi sannan ki ɗora wani, domin kada tsinkayen ƙarshe su sake yin kauri.